Legas Zuwa Kano Da Iyali: Fara Da Zaɓen Garin Da Za A Kwana

Duk shekara in Sallah ta ƙarato, magidanta a Agege da Idi Araba da Mile 12 sai su shiga lissafi. Kuɗin jirgi na mutum bakwai ya fi ƙarfin aljihu, motar haya kuma ba ta tsayawa don ɗanka ya matsu. Ƙarshenta a ce a tafi da motar gida. Na yi wannan tafiya sau da dama da uwargida da yara, sau biyu har da mahaifiyata, kuma na lura yawancinmu ta baibai muke fara shiri. Tambayarmu ta farko ita ce, ƙarfe nawa za mu tashi? Alhali wadda ya kamata a fara amsawa ita ce, a wane gari magariba za ta same mu, kuma a wane ɗaki? In wannan ta samu amsa, lokacin tashi da wurin shan mai da wurin cin abinci duk su za su jera kansu.

Mataki na farko: mayar da kilomita ta koma awa

Daga Legas zuwa Kano ta Lokoja da Abuja kusan kilomita 1,100 ne. Taswirar Google za ta nuna maka awanni masu daɗin ji, amma ita ba ruwanta da shingen bincike, ba ta san tirela ta kife a kan gada ba, balle ta san autarka za ta yi amai bayan an wuce Ife. Ma'aunin da nake aiki da shi kilomita 55 ne a kowace awa, in aka haɗa da ramuka da ratsa garuruwa da shingaye. Da wannan lissafi, tafiyar awa 20 ce ta tuƙi zalla.

Yanzu dubi abin da rana za ta ba ka. Daga shida na safe zuwa biyar na yamma awa 11 ne. Cire biyu na sallah da abinci da zagayawa da shan mai, saura tara. Na tsayar da lissafin a ƙarfe biyar da gangan, duk da cewa akwai sauran haske har wajen shida da rabi. Wannan ratar ta faci ce da cunkoso. Wanda ya tsara isa masauki da magariba, da isha'i zai isa.

Ka ga ke nan awa 20 ba ta shiga wuni biyu sai an matsa. Idan manya ne a motar kuma akwai direba biyu masu karɓar juna, kwana ɗaya a hanya ya isa. Idan akwai jariri, ko mai juna biyu, ko dattijuwa mai ciwon ƙafa, ko kuma kai kaɗai ne mai tuƙi, ka kwana biyu a hanya ka huta. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai kuɗin janwe ba.

Mataki na biyu: zaɓen hanya

Daga Ibadan hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce tsohuwar hanyar Arewa: Oyo, Ogbomosho, Ilorin, a haye kogin Kwara a gadar Jebba, a isa Mokwa. Daga Mokwa ko dai a miƙe ta Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, ko a karya ta Bida da Agaie da Lapai da Lambata a fito mahaɗar Dikko kusa da Suleja. Ta Birnin Gwari ta fi kusa, sai dai ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, kuma ko da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 motoci suka koma bi, ni ban kai ga saka yara a cikinta ba. Ta Bida kuwa hanyar tankoki da tireloli ce. In guda ta lalace a wuri mai matsi, sai a wuni. Ga kuma damina: a 2017 gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa ta karye, a watan Mayun 2025 kuma ambaliya ta yi mummunar ɓarna a garin Mokwa. Mai zuwa Kontagora ko Yawuri ko Birnin Kebbi hanyarsa ta Jebba ce, kuma shi Ilorin ce masaukinsa na farko, kusan kilomita 300 daga Legas.

Ta biyu ita ce wadda zan bi da kai a wannan rubutu: Ibadan, Ikire, Ife, Ilesha, Akure, Owo, Okene, Lokoja, Abaji, Gwagwalada, Zuba, Kaduna, Zariya, Kano. Ta ɗan fi tsawo, amma manyan garuruwa sun fi yawa a kanta, kuma mai iyali gari yake nema: gidan mai, bakanike, asibiti, masauki. Ita ma tana da nata. Tsakanin Owo da Okene daji ne da tsaunuka, an sha yin garkuwa da matafiya a yankin, haka ma tsakanin Abuja da Kaduna wajen Katari da Rijana. A ƙarshen damina kuma ruwa kan hau titi a Koton Karfe. A 2012 da Oktoban 2022 hanyar Lokoja zuwa Abuja ta toshe na kwanaki, motoci suka yi layi ba gaba ba baya. In tafiyarka ta faɗo a Satumba ko Oktoba, kada ka tashi sai ka ji labarin Koton Karfe daga bakin wanda ya wuce jiya.

Mataki na uku: kafa garuruwan kwana, da na ko-ta-kwana

Nan ne zuciyar shirin, don haka bari in daɗe a kansa.

Garin kwana abu uku nake nema a gare shi. Ya kasance ina isa da sauran rana. Ya kasance akwai babban asibiti, saboda zazzaɓin yaro cikin dare yake tashi. Na uku, wanda mutane suka fi mantawa: ya kasance wurin da ake tsoro yana gabana, in ratsa shi da hantsi lokacin da motoci suka cika hanya, ba in ratsa shi da yamma ina neman masauki ba.

In kwana ɗaya za a yi, Lokoja ce tsakiya. Kusan kilomita 550 ce daga Legas, kuma kusan haka ya rage zuwa Kano. Akwai masaukai da yawa, akwai asibitin koyarwa na tarayya, ga Hausawa ga masallatai, ga kifi a bakin hanya. In aka isa da wuri yara za su iya ganin inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Amma ka sani, ranar farko doguwa ce, kuma dajin Owo zuwa Okene yana faɗowa ne bayan azahar. Shi ya sa nake kafa wa kaina doka tun daga gida: in ƙarfe biyu ta buga ban bar Owo ba, a Owo za mu kwana, ko mu tsaya tun daga Akure. Owo tana da cibiyar lafiya ta tarayya, Akure kuwa babban birnin jiha ce. Wannan shi ne garin ko-ta-kwana. Rana ta biyu ma haka: in biyu ta yi ban bar Zuba ba, ba zan shiga hanyar Kaduna ba, Suleja ko Gwagwalada za mu nema. In biyar ta same ni a Kaduna, Kaduna za mu kwana, ko da 'yan gida sun riga sun ɗora tukunya a Kano.

Dalilin kafa dokar tun a gida shi ne, a kan hanya mutum ba ya yanke hukunci mai kyau. Ka gaji, yara suna kuka, kana ganin saura ƙiris, zuciya na cewa daure ka ƙarasa. Ka faɗa wa uwargida dokar da bakinka kafin a tashi, don in lokaci ya yi ta tuna maka. Tawa takan ce, "Abban yara, biyu fa ta wuce." Shi ke nan, ba musu.

In kwana biyu za a yi, rabon ya fi daɗi. Ranar farko Legas zuwa Akure, kilomita ɗari uku da 'yan kai, a isa tsakanin azahar da la'asar. Rana ta biyu a bar Akure da sassafe, a ratsa Owo da Okene da hantsi, a ci abincin rana a Lokoja, a haye gadar Murtala Muhammed a Jamata, a kwana Gwagwalada, kusan kilomita 390. Na fi son Gwagwalada a kan shiga cikin Abuja: tana kan hanya, masauki ya fi araha, asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja yana nan, kuma da safe ba sai ka yi kokawa da cunkoson ma'aikata ba. Rana ta uku daga nan zuwa Kano, kusan kilomita 400. Daga Zuba zuwa Kano 375 ne.

Akwai wuraren da ba na kwana ko da kyauta ne: matattarar manyan motoci irin Ogere da Tafa da Mararrabar Jos. Wuraren shan shayi ne da gyaran taya da jin labarin hanya, amma hayaniya da warin gas ba sa barin yaro ya runtsa.

Mataki na huɗu: kama ɗaki

In kana da ɗan'uwa a garin, alhamdu lillahi, amma ka sanar da shi mako guda kafin nan, ka faɗi yawanku, ka kuma riƙo tsaraba. Kada ka dira wa mai ɗaki biyu da mutum takwas da daddare. Wani abin lura kuma, gidan dangi yana cin lokaci. Hira har sha biyun dare, da safe kuma a ce wallahi ba za ku tafi ba sai an dama koko. In kana son fita shida, ka roƙi arziki tun da dare.

In otal ne, kada ka dogara da hoton intanet. Kira su ka yi tambaya dalla-dalla. Mota tana kwana a cikin katanga, da maigadi? Ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Ruwa yana zuwa a famfo ko bokiti ake kawowa? Akwai mashaya ko gidan rawa a harabar? Wannan ta ƙarshe ita ce muhimmiya ga mai iyali, musamman daren Juma'a da Asabar a garuruwan Kudu. Tambayi ko za su ƙara katifa a ƙasa, sannan ka nemi ɗakin ƙasa in akwai tsohuwa. In ɗaki biyu ne, su kasance jere.

Wata shekara na kira wani masauki a Lokoja tun kwana uku kafin tafiya, aka ce an ajiye min ɗaki biyu. Ban tura ko sisi ba, ban kuma rubuta sunan wanda na yi magana da shi ba. Muka isa wajen shida da rabi, aka ce biki ake a gari, ɗakuna sun ƙare. Muka yi ta zagaye da yara har bayan isha'i, Inna tana ta salati a baya. Tun daga ranar nake tura kafin alƙalami, in ajiye shaidar biya a waya, in sake kira da safen ranar, in kuma riƙe lambar masauki na biyu a garin da na garin ko-ta-kwana. Duk lambobin ina rubuta su a takarda in saka a aljihun mota, saboda waya tana mutuwa.

Mataki na biyar: jin labarin hanya

Ana gobe tafiya ka je tashar da motocin Arewa ke lodi, ka nemi direban da ya sauka yau. Matambayi ba ya ɓata. Ka ce, "Malam, sannu da hanya. Ta ina kuka biyo? Ina ne ya lalace? Ina aka tsaya?" Su ne za su gaya maka ko ta Okene ake bi wannan makon ko ta Kabba da Obajana, ko an karkatar da motoci hannu ɗaya a hanyar Kaduna, wadda ake aikinta tun 2018. Ka tambayi mutum biyu ko uku, don wani direban jarumta ce ke magana a bakinsa. Sannan ka sauke taswirar hanyar a waya tun kana gida, saboda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. In taswira ta nuna maka wata 'yar gajeriyar hanya ta cikin daji da ba ka ga motoci suna bi ba, ƙyale ta.

Duba kalanda ma. Kwanakin da suka gabaci Babbar Sallah kasuwar raguna ta Kara kan toshe mafitar Legas. Juma'ar farko ta kowane wata kuma ana babban taron coci na kwana a gefen hanyar Ibadan, wajen Mowe, cunkosonsa kan kai safiyar Asabar. In da hali ka tashi Talata ko Laraba, kwana huɗu ko biyar kafin Sallah.

Mataki na shida: mota da takardu

Kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, kada ka bari sai ana gobe, don ka samu kwanakin gwada gyaran a cikin gari. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, batir, fitilu da waifa. Taya ita ce uwa uba. A jikinta akwai lamba huɗu: in ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta bai side ba. Safaya ma a duba iskarta, a tabbatar jak da sifana suna nan kuma suna aiki.

Takardu: lasin ɗin tuƙi, takardun mota, shaidar lafiyar mota, inshora. Ga tukunyar kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Ka haɗa takardun a jaka ɗaya kusa da hannu. A shinge ka rage gudu, ka sauke gilas, ka ce "Yallaɓai, sannu da aiki," ka miƙa abin da aka tambaya. Mai cikakkun takardu da mata da yara a mota ba kasafai ake riƙe shi ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya suke zama, kowa da bel. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Kaya kuwa, a rage. Uwargida za ta so ɗaukar tsarabar kowa da kowa. Buhunan nan a ba motar haya ta kai, a karɓa a Kano. Mota mai nauyi tana shan mai, tana cin taya, birkinta kuma ba ya kamawa da wuri a gangaren Okene.

Mataki na bakwai: mai, kuɗi da guzuri

In motarka tana shan lita 12 a kilomita 100 da kaya da sanyaya ɗaki, kana buƙatar lita 132, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar na zaman cunkoso. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, kuma yawanci yana ƙaruwa in ana yin Arewa, don haka cika tanki a Legas. Bayan nan, da allura ta sauko rabi ka sha a babban gidan mai na gari na gaba. Ka cika da yamma kafin ka shiga masauki, don da asuba gidajen mai da yawa ba su buɗe ba. Kada ka saka jarkar fetur a motar da yara ke ciki. In kuma ka tarar da tanka ta faɗi mutane suna kwasa, kada ka tsaya ko kallo. Fashewar tankar da ta hallaka masu kwasar mai a mahaɗar Dikko a Janairun 2025 a kan wannan hanyar ta faru.

Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, ka raba su wuri biyu, rabi a wurin uwargida. Tiransifa takan maƙale a daidai lokacin da falkaneza ke jiranka.

Guzuri a yi wanda ba ya lalacewa: dambun nama, kilishi, cincin, dabino, burodi, dafaffen ƙwai na ranar farko kawai, ruwan zafi a filas. Fura da nono ba sa jure zafin mota. Ruwan sha katan biyu, da jarka ɗaya daban ta alwala da lagireto. Buta, darduma, fo na yara, ledoji, tawul, farasitamol, gishirin zawo, maganin sauro, da maganin hawan jini ko suga na tsofaffi a jakar hannu. A ware ƙaramar jaka ɗaya ta kwana, mai kayan barci da na sawa gobe na kowa, a ɗora ta a sama, don kada a zazzage but gaba ɗaya a harabar otal.

Ranar tafiya

A loda kaya tun dare, direba ya kwanta da wuri. A yi asuba, a yi addu'ar tafiya, a fita kafin Legas ta farka, don a wuce Berger da Kara gari na wayewa. Legas zuwa Ibadan kusan kilomita 127 ne kuma titin yana jan ƙafa, amma iyakar gudun ƙaramar mota a irinsa 100 ne.

A tsaya duk bayan awa biyu zuwa biyu da rabi, a cikin gari, a gidan mai mai bayan gida, ko da ba wanda ya ce ya matsu. Kowa ya sauka, yara su zagaya dole. Wannan shi ke hana "Baba, fitsari" a tsakiyar daji. Sallah kuwa addini ya sauƙaƙa: tafiyar ta ninka mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade sau da yawa, don haka ana kasaru, ana kuma iya haɗa azahar da la'asar a tsayuwa ɗaya. Ka haɗa wannan tsayuwar da cin abinci. Shi direba kada ya cika ciki da sakwara ko tuwo da rana. In ya fara hamma yana murza ido, goro da shayi ba za su yi magani ba, a tsaya ya rufe ido minti ashirin.

Mutum ɗaya a gida ya san tsarinku. A kira shi a kowane babban gari: mun wuce Akure, mun shiga Lokoja, mun sauka. Hotunan tafiya kuma a bari sai an isa kafin a saka a Facebook ko a WhatsApp.

A rana ta ƙarshe ka bar Zuba wajen bakwai zuwa tara, lokacin da hanya ta cika, ka shiga ayarin motoci, ka bar Dutsen Zuma a bayanka. In ka ga motocin da ke tahowa daga gaba sun ɗauke ɗif, ko suna kunna maka fitila, ka rage gudu ka tsaya inda wasu suka tsaya ka tambaya. Da hunturu hazo kan rufe hanya daga Kaduna zuwa sama, a kunna fitila a ƙara rata. A Kaduna ka bi ta bayan gari ka fita ta Kawo. Zariya wurin tsayuwa ta ƙarshe ce, a sha mai, a wanke wa yara fuska, a canza musu riga. Daga nan sai Tashar Yari, Kwanar Dangora, Ciromawa, Kadawa, Kura. Wannan yankin ne direba ya fi gajiya kuma ya fi ɗoki, ga babura da masu tallar kayan gwari a bakin titi, don haka a nan nake mayar wa uwargida aikin kallon allurar gudu. Daga Kura ka kira gida ka ce a buɗe ƙofa. In lissafi ya tafi daidai, za ka shiga Na'ibawa ana kiran la'asar.